Tambaya da Amsa: Abin da Ke Sa Tsoffin Finafinan Ban Tsoro Su Tayar da Tsikar Jiki

Wasiƙun wannan watan sun taru ne a kan tsoffin finafinan ban tsoro da aka shirya da kuɗi kaɗan, waɗanda har yau wasu ba sa iya kallonsu su kaɗai da dare. Mun zaɓi guda shida.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Na kalli wani tsohon fim baƙi da fari mai suna Carnival of Souls. Babu jini, babu dodon kirki, amma na yi kwana biyu ina ɗar-ɗar duk sanda na shiga ɗaki ni kaɗai. Finafinan yanzu kuwa suna razana ni a lokacin, da an gama na manta. Me ya kawo haka? Daga wani ɗalibi a Samaru, Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Razana daban, zullumi daban. Razana ta sakan biyu ce: ƙofa ta bugu, gabanka ya faɗi, ka sauke numfashi. Zullumi kuwa zaman jiran abin da ba ka san ta inda zai ɓullo ba ne, kuma shi ke bin mutum har shimfiɗa. Mai kuɗi yana iya ƙera dodo ya haska shi ka gan shi tun daga kai har ƙafa, kuma da ka gama ganinsa ka san iyakarsa. Wanda ba shi da kuɗi dole ya ɓoye, sai ƙwaƙwalwarka ta ƙarasa masa aikin da abin da kai kanka ka fi tsoro. Haka kaka take yi idan tana tatsuniya: ba ta tsayawa zana kamannin Dodo, sai ta rage murya ta ce yana tafe.

Fim ɗin da ka kalla na 1962 ne. Herk Harvey ya ba da umarninsa, mutumin da sana'arsa shirya finafinan wayar da kai ce na makarantu da masana'antu a garin Lawrence na jihar Kansas, a Amurka. Da kimanin dala 33,000 aka yi shi, cikin mako uku. Asalinsa ma wuri ne ya haifi labarin, ba labari ya nemo wuri ba. Harvey yana dawowa daga Kalifoniya a mota ya hango Saltair, wani katafaren gidan rawa da shaƙatawa da aka yasar a bakin tafkin gishiri na jihar Utah, ruwa ya janye ya bar shi tsaye shi kaɗai. Ya dawo ya ce wa John Clifford ya rubuta labarin da zai ƙare da matattu suna rawa a wannan zauren.

Abubuwa uku ne suka kama ka. Na farko, wurin na gaske ne. An gina shi don dubban mutane, ga shi ba kowa, kuma ido yana gane kufai na gaskiya ko da baki bai iya faɗin dalili ba. Na biyu, yawancin abubuwan tsoron da rana tsaka suke faruwa, a kanti, a tashar mota, a wurin shan iska, wuraren da mutum ya saba ɗauka amintattu ne. Na uku shi ne sauti. Ka tuna inda Mary, wadda Candace Hilligoss ta fito a matsayinta, take cikin kantin tufafi, sai duniya ta ɗauke ɗif: tana ganin mutane suna magana ba ta ji, tana yi musu magana ba su ganin ta, sai ƙarar takalminta kawai. Wannan bai ci ko sisi ba, sautin wurin aka cire wajen haɗa fim. Fuskar nan mai farin kwalli da ta bayyana a tagar motarta da dare kuwa Harvey ne da kansa, kuma madubi aka karkata a wajen tagar ya kawo hoton. Ka ƙara da kiɗan ogan na Gene Moore, wanda ba ya hawa ba ya sauka yadda kunne ke jira, sai dai ya yi ta shawagi.

Akwai kurakurai a fim ɗin, ba mu ɓoye ba. Wani wurin baki da murya ba su haɗu ba, wasu 'yan wasan kuma ba ƙwararru ba ne. Amma a labarin da ake son ka ji duniya ta goce daga mazauninta, wannan rashin daidaito taimako ya yi.

TAMBAYA: Malam, idan na rage murya gaba ɗaya sai in ga tsoron ya tafi. Ashe duk aikin kiɗa ne? Daga wata mai karatu a Zangon Kumasi.

AMSA: Hajiya, kin gano rabin sirrin, sai dai ba kiɗa ba ne kaɗai. Shiru ma ana gina shi, kuma ya fi kiɗa wuyar sarrafawa.

Malamin wannan fanni shi ne Val Lewton, wanda kamfanin RKO ya ɗora a kan sashen finafinan ban tsoro a 1942 da sharuɗɗa uku: kada fim ya wuce dala 150,000, kada ya wuce minti 75, kuma kamfani ne zai ba shi suna tun kafin a rubuta labari. Na farko shi ne Cat People, da Jacques Tourneur ya ba da umarni, Nicholas Musuraca ya ɗauki hoto. Labarin wata mata ce da ke tsoron za ta rikiɗe ta zama damisa.

Ga yadda aka ƙulla fitowar da ta fi shahara. Alice, abokiyar aikin mijin matar, tana tafiya ita kaɗai da dare a gefen wata doguwar katanga, tana shiga hasken fitilar titi tana fita. Babu kiɗa ko kaɗan. Ana jin takalma iri biyu, nata da na mai bin ta, wato matar nan mai tsoron rikiɗa. Can sai na bayan su ɗauke. Nan tsoron yake, domin muddin ana jin takalmi, mutum ne ke biye. Da ya ɗauke, ko dai ta tsaya ko kuma ta koma abin da tafinsa ba ya ƙara. Alice ta waiwaya, ta ƙara sauri, ta waiwaya. Sai wani gurnani ya taso, kafin ki gama tsorata sai ki ga ashe birkin bas ne ya tsaya a gabanta. Har yau masu sana'ar suna kiran irin wannan dabara da bas ɗin Lewton. Abin da masu kwaikwayo ke kuskurewa shi ne suna ɗaukar ƙarar su bar jiran. Idan ba a ja shirun ya yi tsawo ba, ƙarar hayaniya ce kawai. Idan kuma aka yi ta sau biyar a fim ɗaya, mai kallo ya haddace lokacinta.

A The Leopard Man na 1943, damisa ta kuɓuce tana yawo a gari, uwa kuma ta aiki 'yarta sayen garin masara da dare. Yarinyar ta dawo a guje tana dukan ƙofa, uwar ta ƙi buɗewa da wuri don tana zaton raki ne. Kyamara tana cikin ɗaki, ba ta taɓa leƙa waje ba. Ihu, wani abu ya daki ƙofa, shiru, sai siririn jini ya gangaro ta ƙarƙashinta. Duk wata uwa da ta kalli wannan ba ta manta shi.

Inda aka sa kiɗa kuwa, mafi sauƙinsa ya fi tasiri. John Carpenter da kansa ya tsara kiɗan Halloween na 1978, 'yan sautukan fiyano ƙalilan masu maimaituwa a kan bugu biyar-biyar maimakon huɗu-huɗu da kunne ya saba. Shi ya sa jiki ba ya samun inda zai zauna a cikinsa.

TAMBAYA: A tsoffin finafinan nan ana cewa dare ne, amma ina ganin inuwar mutane a ƙasa, har da girgije fari fat a sama. Rashin iya aiki ne? Daga wani mai karatu a Maraɗi.

AMSA: Ɗan'uwa, idonka bai yaudare ka ba, da rana aka ɗauka. Masu fim na Faransa suna ce wa dabarar daren Amurka. Dalili shi ne faifan ɗaukar hoto na wancan zamani ba ya gani cikin duhu. Mai launi na shekarun 1950 ƙarfin ganinsa 25 ne zuwa 50 a ma'aunin da kyamarorin yau ke kaiwa dubbai. Kafin a haska fili da dare sai an yi hayar manyan fitilu da janareta da ma'aikata, a kuma biya su kuɗin kwana. Rashin farin wata ne ke sa tauraro haske.

Ƙa'idojin huɗu ne. A rage hasken da ke shiga kyamara da mataki ɗaya da rabi zuwa biyu. Kowane mataki yana raba haske biyu, wato mataki biyu ya bar kashi ɗaya cikin huɗu. A baƙi da fari a sa jan gilashi a gaban ruwan kyamara, wato gilashin idonta, domin ja yana tare shuɗi, sai sararin sama ya yi duhu. A sa rana ta kasance a bayan ɗan wasa ko a gefensa, yadda za ta zana gefen jikinsa kamar farin wata. Sannan a kauce wa sama gwargwadon iko, a ɗaga kyamara ta kalli ƙasa ko a tsaya gaban bishiyoyi.

Abin da ka gani shi ne inda ƙa'idar ta karye. Jan gilashi ba ya iya komai da farin girgije, sai ma ya ƙara fito da shi. Idan an ɗauka da tsakar rana, inuwa takan taru gajeriya a ƙarƙashin ƙafa. Fitilar hannu ko ta mota kuwa sai ta fito kamar ba a kunna ba, don rana ta fi ƙarfinta, alhali da dare na gaske ita ce za ta fi komai haske. Ga masu baƙar fata akwai ƙarin matsala: rage mataki biyu yana shafe fuska ƙurmus, sai an riƙe farin allo ko kwalin da aka manna wa takardar azurfa kusa da ɗan wasa don mayar masa da haske.

Wani lokacin kuma laifin kwafin ne. Nosferatu na 1922 da rana aka ɗauki darensa, sannan aka rina waɗannan sassa da shuɗi. Kwafin da ya rasa rinin sai ya nuna mai shan jini yana yawo cikin rana da akwatin gawarsa a hammata, alhali labarin ya ce rana ce ajalinsa.

TAMBAYA: Ranku ya daɗe. Ina koyon harkar fim, ina son shirya gajeren fim na ban tsoro. Yaya suke yin hazon nan da ke kwanciya a ƙasa, da kuma jini? Daga wani matashi a Kano.

AMSA: Yauwa, ƙanenmu, Allah ya yi jagora. Hazo iri biyu ne, kuma aikinsu ba ɗaya ba ne.

Mai kwanciya a ƙasa da busasshiyar ƙanƙara ake yin sa, wato daskararriyar iskar kabon, mai sanyin digiri 78 ƙasa da sifiri. Ana jefa kimanin rabin kilo cikin lita 4 na ruwan zafi. Zai yi ta tuɗaɗowa na 'yan mintuna, sannan ya ragu, domin ruwan ya huce har ya daskare a jikin ƙanƙarar ya rufe ta. Maganinsa sabon ruwan zafi, don haka tukunya ta kasance a kan wuta. Iska kaɗan tana kore shi, shi ya sa aka fi yin sa a rufaffen wuri. The City of the Dead na 1960, wanda Christopher Lee ya fito a ciki, an gina ƙauyen matsafansa ne a cikin ɗakin ɗaukar fim na Shepperton a Ingila, hazo ya lulluɓe daɓen ya ɓoye inda ginin katako ya ƙare. Ka ga hazon ado ne, kuma rufin asiri ne. Amma ka kiyaye: kada a taɓa ƙanƙarar da hannu tsirara, tana ƙuna, kada a rufe ta a gora ko kula mai matsewa, za ta fashe, kada kuma a kwantar da ɗan wasa a cikin hazon ya daɗe, domin iskar ta fi wadda muke shaƙa nauyi, a ƙasa take taruwa, tana iya sumar da mutum. A buɗe ƙofofi bayan kowace ɗauka.

Na biyu shi ne hayaƙi siriri mai cika ɗaki, wanda ke sa haske ya fito kamar sanda ta taga. Wannan kana da kayansa a gida: kasko, garwashi da turaren wuta ko lubban. Ka zagaya ɗakin da shi, ka kaɗa da faifai har ya baje, ka fitar da kaskon, ka jira minti ɗaya ko biyu ya daina murɗawa. Idan ana ganin murɗawarsa, gobara mai kallo zai zata. Babban sharaɗi: fitila ta kasance a bayan hayaƙin tana fuskantar wajen kyamara, a ɗan karkace. Idan ka haska shi daga inda kyamara take, hoton zai yi fari-fari ba zurfi. Ka kuma lura da yawansa tsakanin ɗauka da ɗauka, in ba haka ba wajen haɗawa za ka ga ɗaki ya cika ya washe cikin magana ɗaya. A waje kuwa hazon hunturu kyauta ne. Da sanyin safiya, kufai ko gonar da aka girbe ko gindin kuka suna ba da abin da wasu ke kashe kuɗi su samu. Roger Corman ya ɗauki farkon House of Usher na 1960 ne a dajin da gobara ta cinye a tsaunukan Hollywood, ya same shi a shirye. Sai dai ka rufe kyamara da leda tsakanin ɗauka, kuma kada ka canza ruwanta a fili, ƙura za ta shiga.

Jini kuwa, a baƙi da fari launi ba shi da amfani, kauri da duhu ake nema. Ruwan cakulan aka yi amfani da shi a Psycho na 1960 da Night of the Living Dead na 1968. A mai launi, ka dafa kofi 2 na sukari da kofi 1 na ruwa har ya yi danƙo, ka bari ya huce. Ka zuba jan kalar girki cokali 1 zuwa 2, garin koko ƙaramin cokali 1 don ya kashe hasken jan, da garin sitacin masara ƙaramin cokali 1 da aka dama da ruwa kaɗan don kada a riƙa ganin fata ta cikinsa. Ja zalla yana fitowa kamar fenti. Zoɓo mai kauri yana iya maye gurbin kala amma yana karkata zuwa shunayya, sai an ƙara koko. A kan baƙar fata ƙyallinsa ake gani fiye da launinsa, don haka ka haska shi daga gefe. Ka gwada a kyamara kafin ranar aiki, ka tanadi riga biyu ko uku iri ɗaya, ka kuma shirya wa ƙuda da tururuwa.

Ga wata dabara da baƙi da fari kaɗai ke yarda da ita. A Black Sunday na 1960, Mario Bava na Italiya ya zana wa Barbara Steele layukan tsufa da jan kwalli. Ƙarƙashin jar fitila ba a ganin su. Da aka rage ja aka ƙaro kore sai suka yi baƙi, fuska ta tsufa a kan idon mai kallo ba tare da an yanke hoto ba.

TAMBAYA: Finafinan Indiya na ban tsoro da muka taso muna kallo a kaset, suna cikin wannan sahu? Daga wani magidanci a Gusau.

AMSA: Ƙwarai kuwa, Alhaji. Galibinsu na gidan Ramsay ne, 'yan'uwa bakwai da suka raba aikin a tsakaninsu, Tulsi da Shyam suna ba da umarni, sauran suna riƙe kyamara da sauti da rubutu da haɗawa. Do Gaz Zameen Ke Neeche na 1972 ya buɗe musu hanya, Purana Mandir na 1984 da Veerana na 1988 suka kafa sunansu. Su sukan nuna dodonsu ƙuru-ƙuru, kuma waƙa da barkwanci suna yanke zullumin kowane minti ashirin. Ƙarfinsu yana cikin tsoffin gidajen sarauta da makabarta da jar fitila da kore a cikin hayaƙi. Idan zullumi tsantsa kake so daga Indiya, ka koma baya zuwa Mahal na 1949 da Woh Kaun Thi na 1964, inda waƙar kanta ce fatalwar, murya tana kira daga nesa cikin dare.

TAMBAYA: Na sauke Night of the Living Dead a waya, amma hoton duk ya dagule, ba na gane komai a wuraren duhu. Haka yake? Daga wata ɗaliba a Yamai.

AMSA: Ba haka yake ba, 'yar'uwa, mugun kwafi kika samu. George Romero ya yi fim ɗin da kimanin dala 114,000 a wani gidan gona kusa da Evans City a jihar Pennsylvania, Duane Jones ne jaruminsa. Da kamfanin rarrabawa ya canza masa suna, sai aka manta ba a sa alamar haƙƙin mallaka a sabon allon suna ba, kuma dokar Amurka ta lokacin ta mayar da shi na kowa. Daga nan kowa ya riƙa kwafa daga kwafi, duhu yana cinye hoto a kowane zagaye. Carnival of Souls ma ya sha irin wannan.

Ki nemi wanda aka gyara daga faifan asali, mai tsawon minti 96. Ki guji waɗanda aka shafa wa launi daga baya, da kuma na 1999 da aka cusa wa sabbin fitowa da sabon kiɗa. Hoton ya kasance kusan murabba'i, da baƙin fili a dama da hagu. Idan ya cika allon waya baki ɗaya, ko an ja shi ko an yanke sama da ƙasa. Kada ki sauke mai ingancin hoto ƙasa da 720p, domin wajen matse fayil duhu ne ke fara lalacewa, ya koma dabbare-dabbare, kuma a cikin duhun nan ne gawawwakin ke fara motsi daga nesa. Kada ki ƙure hasken allo, baƙi zai koma toka, abin da aka ɓoye da gangan ya tonu. A talabijin ki kashe tsarin da ke sa motsi ya yi santsi, wanda ke mayar da fim kamar wasan kwaikwayon gidan talabijin. Ki kashe fitilar ɗaki, ki sa abin ji a kunne biyu, domin kukan gyare da bugun ƙusa da muryar mai karanta labarai a rediyo ba sa fitowa a lasifikar waya. Ƙananan yara kuma su kwanta tukuna, akwai wuraren cin naman mutum da fitowar ɗakin ƙarƙashin ƙasa da ba su dace da su ba.